Shin tsamin dangantakar Amurka da Rasha zai iya wargaza tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa?

Ɗalibin Injiniya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da malamanmu na wannan zaure. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fatan waɗanda suka fi ni sanin lamarin za su warware mini ita. Tun daga watan Fabrairun 2022 da Rasha ta afka wa Yukren, ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba mata takunkumi iri-iri, suka rufe wa jiragen fasinjanta hanya, aka hana 'yan wasanta shiga gasanni da dama, manyan kamfanoni kuma suka tattara nasu ya nasu suka fice daga Mosko. Amma duk da wannan tsamin dangantaka, 'yan sama jannatin Amurka da na Rasha sun ci gaba da zama tare a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, har ma Ba'amurke yana hawa kumbon Soyuz na Rasha daga tashar harba rokoki ta Baikonur da ke Kazakistan, ɗan Rasha kuma yana hawa kumbon Dragon na Amurka daga jihar Florida.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne furucin Dmitry Rogozin, wanda a lokacin yake shugabantar hukumar sararin samaniyar Rasha, wato Roscosmos. A farkon yaƙin ya yi tambaya a shafinsa na Twitter cewa idan aka yanke hulɗa da Rasha, wane ne zai hana tashar rikitowa a kan Amurka ko Turai ko Indiya ko Sin. Duk wanda ya ji irin wannan magana daga bakin shugaban hukuma zai ɗauka cewa gobe za a raba gari, amma sai ga shi ba a raba ba.

To, me ya riƙe wannan haɗin gwiwa alhali sauran duk sun watse? Shin masana kimiyya ne suka fi ƙarfin 'yan siyasa, ko kuwa akwai wani dalili da mu na nesa ba mu gani? Kuma idan al'amura suka ƙara dagulewa, ɓangare ɗaya zai iya kwance nasa sashen ya kama gabansa, ya bar ɗayan a sama?

Injiniya Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta ƙarshe ita ce tushen sauran, saboda haka da ita zan fara. A aikace babu ɓangaren da zai iya kwance nasa ya tafi, domin tun farko an gina tashar ne ta yadda kowane sashe yake rayuwa da abin da ɗayan ke ba shi.

A nisan da tashar take akwai sauran iska 'yar kaɗan da ke gogar jikinta tana rage mata gudu, kuma duk abin da gudunsa ya ragu a can, to ƙasa yake yowa sannu a hankali. Dole ne lokaci zuwa lokaci a kunna injina a ɗaga ta, haka kuma dole ne a kauce da ita idan wani tarkace ya nufo ta. Shekara da shekaru wannan aiki yana hannun Rasha, ta hanyar injinan sashen Zvezda da na kumbunan dakon kaya na Progress, waɗanda ake sarrafawa daga cibiyar Korolyov da ke wajen birnin Mosko. A ɗaya ɓangaren kuma, manyan fukafukan da ke tara wutar lantarki daga hasken rana na Amurka ne, kuma daga gare su sashen Rasha yake samun wani kaso na wutarsa. Akwai kuma wasu manyan fayafayai guda huɗu masu juyawa da sauri a sashen Amurka, su ne ke riƙe tashar ta fuskanci inda ake so ba tare da an ƙona mai ba, sai dai idan suka kai iyakar abin da za su iya ɗauka, sai an nemi injinan Rasha su sauke musu nauyi. Lamarin ya yi kama da gidan gado da 'yan'uwa biyu suka raba, rijiya ta faɗo a rabon wannan, zaure kuma a rabon wancan, ko da ba sa ga maciji babu mai iya toshe wa ɗan'uwansa hanya ba tare da ya cuci kansa ba.

Hatta sashen farko da aka harba ranar 20 ga Nuwamban 1998, wanda ake kira Zarya, a Mosko aka ƙera shi amma da kuɗin Amurka, kuma mallakar Amurka ne ko da yake yana manne da sashen Rasha. Daga wancan lokaci an yi fiye da shekara ashirin ana haɗa wayoyi da bututu da kwamfutoci tsakanin sassan biyu, da yawa daga cikinsu ma sai da 'yan sama jannati suka fita wajen tashar suka ɗaura su da hannu. Ba a tsara wannan gini don a warware shi ba. Ko hanyar da tashar ke bi a kewayen duniya, wadda ta karkace da digiri 51.6, an zaɓe ta ne domin rokokin da ke tashi daga Baikonur su iya isa gare ta, ko da yake hakan ya sa jiragen jigilar sararin samaniya na Amurka suka riƙa ɗaukar kaya ƙasa da yadda za su iya.

Barazanar Rogozin tana da ƙamshin gaskiya ta wannan fuska, amma ya ɓoye rabin labarin. Da Rasha ta janye, nata sashen zai rasa isasshiyar wuta, kuma ba ta da wata tasha da za ta tura 'yan sama jannatinta, wanda ke nufin ƙasar da ta fara aika mutum sararin samaniya a 1961 za ta zauna a ƙasa tana kallon wasu. Shi ya sa nake ba ka shawara ka riƙa duba abin da aka aikata fiye da abin da aka furta. A watan Maris na 2022 aka yi ta yaɗa wani bidiyo na zolaya daga Rasha da ke nuna an kwance sashensu an bar Ba'amurke Mark Vande Hei a baya, amma ranar 30 ga watan ya sauka lafiya a Kazakistan cikin kumbon Soyuz tare da abokan aikinsa Rashawa biyu, bayan ya yi kwana 355 a sama. Ranar 15 ga Yulin shekarar aka sauke Rogozin daga muƙaminsa, kuma a wannan rana ce Roscosmos da hukumar sararin samaniyar Amurka, wato NASA, suka sanar da yarjejeniyar musayar kujeru, wadda babu biyan kuɗi a cikinta. Hikimar yarjejeniyar ita ce dole ne a kowane lokaci a samu aƙalla Ba'amurke ɗaya da ɗan Rasha ɗaya a tashar, ta yadda idan kumbo ɗaya ya dawo ƙasa cikin gaggawa da duk mutanen da ya kai, ba za a bar wani sashe ba tare da wanda ya san aikinsa ba.

A ƙarƙashinta ne Frank Rubio ya tashi da Soyuz a watan Satumban 2022, Anna Kikina kuma ta tashi da Dragon a watan Oktoba. Da ruwan sanyaya na'urorin kumbon su Rubio ya tsiyaye a watan Disamba, sai aka mayar da shimfiɗar kujerarsa cikin Dragon na ɗan lokaci saboda tsaron ko-ta-kwana, Rasha kuma ta aiko da wani Soyuz babu kowa a ciki a watan Fabrairun 2023. Rubio ya ƙare da yin kwana 371, abin da babu Ba'amurken da ya taɓa yi a tafiya guda kafin shi. Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da makaman Amurka suke kashe sojojin Rasha a fagen daga. Magajin Rogozin, Yuri Borisov, ya shaida wa Putin cewa za su fice bayan 2024, amma a watan Afrilun 2023 Rasha ta amince za ta zauna har 2028, sauran abokan hulɗar kuma har 2030.

Malamar Tarihi:

Na gode wa Injiniya da wannan bayani, kuma ba ni da ja a kan abin da ya faɗa game da ginin tashar. Tsorona shi ne kada mai tambaya ya tashi da fahimtar cewa sararin samaniya wuri ne da siyasa ba ta kai wa. Siyasa ce ta ɗaura wannan aure tun farko, kuma siyasar ce ta daɗe tana kwance shi.

A watan Yulin 1975 kumbon Apollo na Amurka ya haɗu da Soyuz a sama, Ba'amurke Thomas Stafford da ɗan Sobiyet Alexei Leonov suka yi musabaha duniya tana kallo. Wannan ya biyo bayan yarjejeniyar da Shugaba Nixon na Amurka da Firaminista Kosygin na Sobiyet suka sanya wa hannu a 1972, lokacin da aka ɗan sassauta Yaƙin Cacar Baka. Da iskar siyasa ta juya, Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan a 1979, aka kafa dokar soja a Poland, sai gwamnatin Reagan ta bar yarjejeniyar ta mutu a 1982, kuma aka yi kusan shekara ashirin bayan waccan musabaha kafin ɗan Rasha ya sake tafiya tare da Amurkawa. Tashar da Reagan ya sanar a 1984 ma an tsara ta ne a matsayin ta Amurka da ƙawayenta, domin a nuna wa Sobiyet iyakarta.

Abin da ya shigo da Rasha cikin aikin a 1993 lissafi ne na 'yan siyasa. A watan Yunin shekarar saura ƙiris Majalisar Wakilan Amurka ta soke aikin baki ɗaya saboda tsadarsa, ya tsira da ƙuri'a ɗaya tak, 216 da 215. A can Rasha kuwa tattalin arziki ya durƙushe, injiniyoyin roka suna wata da watanni babu albashi, Amurka kuma tana fargabar kada su sayar da fasahar makamai masu linzami ga Iran ko Koriya ta Arewa. Gwamnatin Clinton ta ga cewa idan ta jawo Rasha, za ta samar wa aikin hujjar da majalisa za ta karɓa, ta kuma ɗaure waɗannan injiniyoyi da aikin farar hula. Rasha a nata ɓangaren dala take nema. Dogaro da juna da Injiniya ya bayyana sakamakon wannan lissafi ne, kuma lissafin ya daɗe da sauyawa.

Bayan Amurka ta yi ritayar jiragen jigilarta a watan Yulin 2011, ta yi kusan shekara tara ba ta da hanyar kai mutum tashar sai ta Soyuz, farashin kujera kuma ya tashi daga abin da bai kai dala miliyan 30 ba a shekarun farko zuwa kimanin dala miliyan 90 a 2020. Da Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya a 2014 aka sanya wa Rogozin takunkumi, a lokacin yana mataimakin firaminista, sai ya yi wa Amurka ba'a cewa ta nemi shimfiɗar tsalle ta 'yan wasa ta riƙa cilla mutanenta sama. Amurkawa ba su manta da wannan cin fuska ba. A watan Satumban shekarar hukumar NASA ta bai wa kamfanin Boeing kwangilar dala biliyan 4.2, kamfanin SpaceX kuma dala biliyan 2.6, domin su ƙera kumbunan ɗaukar mutane, kuma ranar 30 ga Mayun 2020 Dragon na SpaceX ya tashi da mutum biyu. Daga nan kowane mataki na rage buƙatar Rasha ne: a watan Yunin 2022 aka yi amfani da kumbon dakon kaya na Amurka mai suna Cygnus aka ɗaga tashar, a watan Yunin 2024 kuma aka bai wa SpaceX kwangilar da za ta iya kai wa dala miliyan 843 domin ƙera kumbon da zai sauko da tashar ya jefa ta a kudancin tekun Fasifik, aikin da a da aka tsara kumbunan Progress ne za su yi.

Sannan a duba abin da ya sami duk wani haɗin gwiwa da ba a ɗaure shi da ƙarfe ba. Cikin makonni kaɗan da fara yaƙin, Rasha ta janye ma'aikatanta daga tashar harba rokoki ta Kourou da ke Guyana ta Faransa, ta riƙe taurarin ɗan'adam 36 na kamfanin OneWeb a Baikonur, ta daina sayar wa Amurka injinan roka, Jamus ta kashe na'urarta ta hangen nesa da ke kan wani kumbon Rasha, hukumar sararin samaniyar Turai kuma ta dakatar da shirin ExoMars wanda ya kamata ya tashi zuwa duniyar Mars a watan Satumban 2022, aka ɗage shi zuwa 2028. Masanan da suka ba wa waɗannan ayyuka ƙuruciyarsu ba a nemi ra'ayinsu ba.

Ita kanta tashar ba ta tsira ba. Ranar 15 ga Nuwamban 2021 sojojin Rasha suka harbo wani tsohon tauraron ɗan'adam nasu da makami mai linzami, ya tarwatse zuwa ɓaraguzai fiye da 1,500 da ake iya bibiya, mutum bakwai da ke tashar suka shige kumbunansu suna jiran ko za a ce su gudu. Biyu daga cikin bakwai ɗin Rashawa ne. A watan Yulin 2022 kuma aka ɗauki hoton 'yan sama jannatin Rasha riƙe da tutocin yankunan Luhansk da Donetsk a cikin tashar, NASA ta fito ta yi tir da hakan. A ganina abin da ya rage a sama zaman 'yan marina ne, kowa da inda ya sa gaba.

Ɗalibin Injiniya:

Allah ya saka wa Baba Injiniya da Malama da alheri, na ƙaru ƙwarai. Sai dai na lura cewa a duk jerin ƙasashen da ke cikin tashar ba a ambaci Sin ba, alhali ita ce ƙasa ta uku da ta iya aika mutum da rokarta. Shin ita ce ta ƙi shiga ko hana ta aka yi? Kuma mu da ke wannan yanki, akwai abin da ya shafe mu a wannan ja-in-ja, ko kuwa kallo ne kawai namu?

Ɗan Damagaram:

Ɗan'uwa, hana ta aka yi, kuma a nan ne za ka ga abin da siyasa ke yi idan babu ƙarfen da ya riga ya haɗa mutane. Sin ta aika Yang Liwei sararin samaniya a watan Oktoban 2003, ta kuma nuna sha'awar shiga tashar, amma Amurka ta ƙi saboda tana kallon shirin na Sin a matsayin reshen rundunar sojanta, tana kuma zarginta da satar fasaha. Gwajin da Sin ta yi a watan Janairun 2007, inda ta harbo wani tauraronta na hasashen yanayi ya bar ɓaraguzai fiye da 3,000, ya ƙara wa masu wannan ra'ayi ƙarfi, ko da yake ita ma Amurkar ta harbo nata tauraron a shekarar da ta biyo, Indiya kuma ta yi a 2019. A 2011 wani ɗan majalisa daga jihar Virginia mai suna Frank Wolf ya shigar da wani sharaɗi cikin dokar kasafin kuɗi, wanda ya haramta wa NASA yin aiki kai tsaye da Sin sai da izini na musamman, kuma ana ta sabunta shi.

Idan manufar ita ce a rage wa Sin gudu, to ba a cimma ta ba. Ta harba sashen farko na tasharta mai suna Tiangong a watan Afrilun 2021, ta ƙara sassa biyu a watannin Yuli da Oktoban 2022, ta kuma ce za ta sauke mutanenta a duniyar wata kafin 2030. Turawa sun so su riƙe ɓangarorin biyu, har wasu 'yan sama jannatinsu biyu, Samantha Cristoforetti da Matthias Maurer, suka yi atisayen ceto a teku tare da takwarorinsu na Sin a 2017, amma a watan Janairun 2023 shugaban hukumar Turai ya bayyana cewa ba su da kuɗi kuma ba su da amincewar 'yan siyasa ta zuwa tashar Sin. Ƙasar da ta samu wannan gurbi ita ce Pakistan, wadda ta sanya hannu da Sin a watan Fabrairun 2025 domin a horar da ɗan ƙasarta.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne hanyar da Tiangong ke bi ta karkace ne da kimanin digiri 41.5, kuma sauya hanya daga wannan zuwa ta ɗaya tashar yana buƙatar man da babu kumbon da ke ɗauke da shi. Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1968 a kan ceton 'yan sama jannati, amma idan gobara ta tashi a ɗaya daga cikin tashoshin biyu, mutanen ɗayar ba su da yadda za su kai ɗauki.

Game da mu kuwa, ya kamata a sani cewa kujerar kumbo ta daɗe tana zama kyautar da manyan ƙasashe ke bai wa waɗanda suke son jawowa. Sobiyet ta ɗauki Arnaldo Tamayo Méndez na Kyuba a 1980, baƙar fata na farko da ya je sararin samaniya, ta ɗauki Muhammad Faris na Siriya a 1987 da Abdul Ahad Momand na Afganistan a 1988, Amurka kuma ta ɗauki Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya a 1985. Ɗan Malesiya da ya je tashar a 2007 ya samu kujerarsa ne a cikin cinikin jiragen yaƙi samfurin Sukhoi da ƙasarsa ta saya daga Rasha. Yanzu an kafa sansani biyu na zuwa duniyar wata, kuma kowanne yana neman sa hannun ƙasashen Afirka. Najeriya da Ruwanda su ne na farko a nahiyar da suka shiga Yarjejeniyar Artemis ta Amurka, a birnin Washinton cikin watan Disamban 2022, yayin da Afirka ta Kudu da Masar suka shiga shirin cibiyar binciken wata na Sin da Rasha. Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa sun sanar a watan Satumban 2024 cewa sun ƙulla yarjejeniya da Rasha domin samun taurarin sadarwa da na sa ido.

Najeriya ta ci moriyar zamanin da ƙofofi suke a buɗe. Tauraronta na farko a Ingila aka ƙera shi, rokar Rasha ce ta harba shi daga Plesetsk da ke arewacin Rasha a 2003, tauraron sadarwarta kuma Sin ce ta ƙera ta harba a 2007, sannan ta maye gurbinsa da wani a 2011 bayan na farkon ya lalace. A watan Yulin 2017 daga sashen Japan na tashar da muke magana a kanta aka saki ƙaramin tauraron da ɗaliban Najeriya suka yi aikinsa, tare da na Ghana. Ƙasa mai ƙaramin kasafi tana amfana ne idan tana iya zuwa kowace kasuwa ta taya, kuma wannan dama ce ke ƙuntata duk lokacin da sansanonin suka ƙara nesa da juna.

Injiniya Mai Ritaya:

Malama ta kawo tarihi yadda yake, kuma ina ganin ba mu saɓa ba sosai, ita tana magana a kan inda aka dosa, ni kuma a kan abin da ya hana a rabu yau. Zan ƙara abu biyu da nake ganin sun fi barazanar Rogozin haɗari.

Na farko shi ne tsufan tashar, wanda ke buƙatar amana a lokacin da amanar ta yi ƙaranci. Tun 2019 iska take yoyo ta wasu tsage-tsage a wani ɗan lungu na sashen Zvezda da ke kaiwa inda kumbunan Progress ke sauka. Injiniyoyin Rasha suna ganin girgizar yau da kullum ce ta jawo tsagewar kuma ba za ta kai ga fashewa ba, na NASA kuwa suna ganin dalilan sun fi haka yawa kuma haɗarin ya fi yadda Rashawa ke ɗauka. Maganin da aka yi shi ne a riƙa rufe ƙofar lungun sai an buƙace ta, idan an buɗe kuma sai Amurkawa su rufe ƙofar da ke tsakanin sassan biyu. Saɓanin injiniyoyi a kan tsagewar ƙarfe ba sabon abu ba ne, ana warware shi ne idan kowa ya buɗe wa ɗan'uwansa bayanansa. Amma tun bayan ramin da aka gano a jikin wani Soyuz a 2018, wanda daga baya kafofin labaran gwamnatin Rasha suka ɗora wa wata 'yar sama jannatin Amurka laifinsa ba tare da hujja ba, NASA kuma ta musanta, zargi ya riga ya shiga tsakani.

Na biyu shi ne siyasar cikin gidan Amurka, wadda ba a cika sanya ta a wannan lissafi ba. Kumbon Starliner na Boeing ya samu matsala a gwajinsa na farko da mutane a watan Yunin 2024, har Butch Wilmore da Suni Williams, da suka tafi domin yin kwanaki kaɗan, suka yi wata tara kafin Dragon ya dawo da su a watan Maris na 2025. Wannan ya bar Amurka da kamfani ɗaya tilo. Da Elon Musk, mai kamfanin SpaceX, ya yi rigima da Shugaba Trump a watan Yunin 2025, ya rubuta cewa zai fara dakatar da Dragon, sannan ya janye bayan 'yan sa'o'i. Da ya aikata, da Amurka ta wayi gari ba ta da wata hanya sai Soyuz, wato inda take a 2011. Kafin wannan da wata guda, gwamnatin ta gabatar da kasafin da zai zaftare kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin NASA, ya kuma soke ƙaramar tashar Gateway da aka shirya ginawa a kewayen wata, alhali Turai da Japan da Kanada sun riga sun zuba kuɗi wajen ƙera sassanta. Ƙawaye ne waɗannan, ba abokan gaba ba, amma sun ga yadda sauyin gwamnati ɗaya zai iya rushe alƙawarin shekaru.

Saura batun shekaru biyun da ke tsakanin 2028 da Rasha ta amince da 2030 da sauran suka tsayar. Kumbon da SpaceX ke ƙerawa zai yi tunkuɗar ƙarshe ne kawai, amma kafin a kai nan sai an yi wata da watanni ana sauko da gini mai nauyin fiye da tan 400 a hankali, ana riƙe shi kada ya fara katantanwa, kuma injinan da ke sashen Rasha suna cikin wannan tsari. Shugaban Roscosmos, Dmitry Bakanov, ya je Florida a ƙarshen watan Yulin 2025 ya gana da muƙaddashin shugaban NASA, karo na farko da shugabannin hukumomin biyu suka haɗu ido da ido tun 2018, kuma yadda za a sauko da tashar yana cikin abin da suka tattauna. Bayan an jefa ta a teku, Amurka ta shirya ta riƙa hayar wuri a tashoshin da kamfanoni masu zaman kansu za su gina, Rasha kuma tana shirin gina tata ita kaɗai, kuma tun a 2020 ta ce ba za ta shiga aikin Gateway a matsayin babbar abokiyar hulɗa ba saboda Amurka ta mamaye shi.